Inbatar jeri, maikuro ko haibirid: wacce ta dace da gidan da wuta ke yawan ɗaukewa?

Tambaya: Injiniya, ina shirin saka sola a gidana, farantai goma masu wat 550. Rufin fuska biyu gare shi, gabas da yamma, kuma tankin ruwa yana jefa inuwa kan farantai biyu da hantsi. Ina da firij, firiza, esi ɗaya, da famfon rijiyar burtsatse mai ƙarfin doki ɗaya. Wutar layi tana zuwa, amma ba ta da tabbas. Na kira mutum uku: ɗaya ya ce inbatar jeri, ɗaya ya ce maikuro, na ukun ya ce haibirid mai taransfoma. Wa zan bi?

Amsa: Malam, kar ka ɗauka akwai mai neman cutar ka a cikin mutanen nan uku. Kowannensu wani ɓangare na gidanka ya kalla ya yi magana a kai. Mai cewa maikuro, wato ƙaramar inbatar da ake sa wa kowane faranti tasa, rufinka ya duba, ya ga fuska biyu da inuwar tanki. Mai cewa haibirid mai taransfoma, wato inbatar da ke haɗa sola da batir da wutar layi, famfonka ne ya tsaya masa a rai. Mai cewa inbatar jeri kuwa, wato inbata ɗaya a bango da ake jera mata farantai a waya ɗaya, aljihunka ya tausaya wa, don ita ce mafi sauƙi idan aka raba kuɗinta a kan kowane wat. Abin da ke rikita zancen shi ne hanyoyi uku ake bi wajen rarraba inbata: yadda take hulɗa da wutar layi, wurin da ake juya wutar, a rufi ko a bango, da yadda aka ƙera cikinta. In aka cakuɗa ukun a zance ɗaya, mai saye ya rasa tudun dafawa ke nan. A wurinka ta farkon ce ke yanke hukunci, tunda ka ce wutarku ba ta da tabbas.

Farantin sola wutar DC yake bayarwa, mai tafiya hanya ɗaya. Kayan gida kuwa wutar AC suke so, wadda a yawancin ƙasashe bolt 230 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuma bolt 120 sau 60. Kowace inbata wannan juyin take yi. Amma akwai wadda take iya kafa wutar da kanta, ta tsayar da boltej ɗinta da bugunta, akwai kuma wadda sai ta ga wutar layi a tsaye sannan ta bi sahunta ta zuba nata a kai. Inbatar jeri ta asali da maikuro duk 'yan bin sahu ne. Da zarar an ɗauke wuta sai su kashe kansu, kuma da gangan aka yi su haka. Ƙa'idoji irin su IEEE 1547 da IEC 62116 sun wajabta musu yanke kansu daga layi cikin daƙiƙa biyu, don kada ma'aikacin da ya kashe layi ya hau turke gyara, wutar rufin wani ta biyo waya ta same shi. Idan wutar ta dawo ma ba nan take suke komawa aiki ba, sai sun jira daga minti ɗaya zuwa biyar, gwargwadon dokar ƙasa, su tabbatar ta zauna. Haka in boltej ya haura wajen 253 ko ya faɗi sosai, sai su fita.

To ka auna wannan da halin da kake ciki. Rana tsaka, farantai goma suna shan haske, inbata a bango tana ƙyafta jar fitila tana nuna babu layi, firiza kuma tana narkewa. Na sha shiga gidajen da aka yi wannan ɓarnar, mai gida yana zaton inbatar ce ta lalace, alhali aikinta take yi yadda aka tsara. Wasu kamfanoni sun ɗan rage zafin abin: SMA da Fronius suna da samfuran da ke ba da soket ɗaya da rana ko babu layi, jerin IQ8 na Enphase ma yana iya riƙe wasu kaya da rana idan an haɗa masa ƙarin na'urori. Sai dai duk wannan na rana ne, gajimare na giftawa sai ya yanke. Ba abin da za ka jingina firiza da shi ba ne. Waɗannan inbatocin an yi su ne domin wuraren da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, inda mutum ke sayar wa kamfanin lantarki rarar da ya samu, mita tana lissafa masa. A can ba su da na biyu: babu batir, babu wahalar kula, ingancin juyinsu yana kai kashi 97 zuwa 98 cikin ɗari.

Saura masu aiki da batir, kuma a nan ne nake so ka buɗe ido, domin abubuwa biyu mabambanta ake sayarwa da sunan haibirid. Ta farko a gaskiya inbata ce mai zaman kanta, aka cusa mata cajar sola da cajar layi da makunnin sauyi a akwati ɗaya. Irin wannan ta cika kasuwa, da yawa daga cikinsu ƙirar Axpert ce ta kamfanin Voltronic na Taiwan ko kwaikwayonta, an liƙa musu sunaye iri-iri. Yadda tsofaffin samfuranta suke aiki shi ne zaɓi: ko dai lodin gida yana kan sola da batir, ko kuma an mayar da shi kan layi gaba ɗaya. Ba ta mayar da wuta layi. Ta biyun ita ce haibirid ta haƙiƙa, irin su Deye, Sunsynk, da wasu samfuran Growatt, Sungrow da GoodWe. Ita tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layi idan yana nan: in gida yana cin kilowat 3, sola tana ba da 2, sai ta ɗebo ɗayan daga layi ko batir ba tare da an ji wani sauyi ba. In layi ya tafi, sai ta yanke kanta daga gare shi ta kafa wutarta a cikin gida. Ana maƙala mata wani ɗan zobe mai auna karant a kan babbar wayar shigowa, wanda ake kira CT, shi yake gaya mata nawa gida ke ja don kada ta tura rara waje inda doka ko mita ba su yarda ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai mitocin da ba su san gaba da baya ba, wutar da ka tura waje sai su lissafa maka ita a matsayin wadda ka sha.

Ba ina cewa ta farkon ba ta da amfani ba. Mutumin da ke wurin da babu layi sam, ko layin kan zo jefi-jefi, ita ta ishe shi, kuma ta fi sauƙi. Sababbin samfuranta ma sun fara iya gauraya sola da layi. Abin nufi, kar ka biya kuɗin ta biyu a ba ka ta farko. Ka tambayi mai sayarwa abu biyu kawai: tana da wurin saka CT? Tana da takardar shaidar cika ƙa'idar haɗawa da layi? In ya fara kame-kame, ka san wacce ce. Ka kuma duba lokacin sauyi a takardar bayananta. Wadda ke sauyawa daga layi zuwa batir cikin kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya, kwamfuta ba za ta mutu ba. Mai kashi 20 takan sa wasu na'urori su sake tashi.

Yanzu mu hau rufin. Hujjar masu maikuro ita ce inuwa, kuma hujja ce mai tushe. Idan aka jera farantai a waya ɗaya, karant ɗaya ne ke ratsa su duka, kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya, mai saurin ba ya iya wuce mai nawar. Faranti ɗaya ya shiga inuwa, sai ya ja saura baya. Maikuro tana warware wannan ta hanyar ba kowane faranti 'yar inbatarsa a bayansa, kowa yana neman iyakar ƙarfinsa shi kaɗai, wutar AC ce ke saukowa daga rufi. Enphase ce ta yaɗa wannan tsarin tun daga samfurinta na farko a 2008, daga baya APsystems da Hoymiles suka fito da masu ɗaukar farantai biyu ko huɗu. SolarEdge kuma ta bi tsakiya: a bayan kowane faranti akwai ɗan akwati da ake kira oftimaiza, yana daidaita boltej da karant na farantinsa, amma juyin zuwa AC a bango ake yin sa da inbata ɗaya.

Sai dai masu talla suna ƙara wa maganar inuwa gishiri. Kusan kowane faranti na zamani yana da dayod uku, wato 'yan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a akwatin bayansa, kowanne yana tsare sulusin farantin. Idan inuwa ta rufe wani sulusi, karant sai ya bi ta dayod ɗin ya tsallake shi, abin da aka rasa sulusin nan ne, ba jerin duka ba. Sharaɗin shi ne inbatar ta kasance tana da wayon sake lalube boltej daga sama har ƙasa lokaci-lokaci don gano inda ƙarfi ya fi yawa, kuma inbatoci masu kyau na yanzu suna yin haka, ko da yake a wasu sai an shiga saiti an kunna. Saboda haka inuwar da take da iyaka, irin ta tankinka da ke taɓa farantai biyu na awa ɗaya ko biyu, asararta a shekara ba ta kai a sauya tsarin gida dominta ba. Sau da yawa matsar da farantan biyun mita ɗaya ko biyu ya fi kowace na'ura magani. Inda maikuro ke cin kuɗinta shi ne rufi mai fuskoki huɗu ko biyar, kowace fuska farantai biyu ko uku, ko inda reshen bishiya ke yawo da inuwa a kan farantai duk yini.

Fuska biyun rufinka kuwa ba matsala ba ce ko kaɗan, in dai inbatar tana da MPPT biyu, wato ƙofofin sola biyu masu cin gashin kansu. Biyar na gabas a ƙofa ɗaya, biyar na yamma a ɗayar. Abin da ba a yi shi ne a jera na gabas da na yamma a waya ɗaya, don da safe na yamma za su danne na gabas, da la'asar kuma a juya. Ni ma ina son rufin gabas da yamma a gidan da ke da batir: wuta tana fara shigowa da sassafe lokacin da batir ya kwana da yunwa, ta kuma daɗe da yamma, sai daren batir ya gajarta. Jimillar abin da za a samu a shekara takan ɗan gaza ta rufin da ke kallon tsakiyar rana, amma an baje ta a kan sa'o'in da ake bukata.

Akwai sauran abubuwan da ake ambata wa maikuro, wasu na gaske ne. Garantinta yakan kai shekara 25 a wurin Enphase, alhali inbatar bango shekara 5 zuwa 12 aka saba bayarwa, kuma duk wanda ya saka inbatar bango ya sa a ransa zai canza ta aƙalla sau ɗaya kafin farantai su tsufa. In maikuro ɗaya ta mutu, tara suna aiki. Kana ganin aikin kowane faranti a wayarka. Babu kuma doguwar wayar DC mai ɗaruruwan bolt a cikin silin, wanda shi ne babban dalilin da ya sa maikuro da oftimaiza suka mamaye rufin gidajen Amurka: dokar wayarin ƙasar ta 2017 ta ce idan aka kashe tsarin, boltej a cikin farantai ya sauka zuwa bolt 80 cikin daƙiƙa 30, domin kare 'yan kwana-kwana. Amma a ɗaya gefen, ka ɗora na'urori goma a wuri mafi zafi a gidanka, kuma ranar da ɗaya ta lalace sai an hau an kwance faranti. Garanti ma sai akwai wakilin da zai karɓa ya canza maka yake da amfani. Ga shi da yawa daga cikin masu faranti ɗaya ba sa fitar da fiye da wat 300 zuwa 400, a bayan faranti mai 550 za su riƙa aske ƙololuwar rana.

In mutum ya nace yana son maikuro da batir tare, yana yiwuwa. Sai a kawo inbatar batir mai kafa wuta, irin MultiPlus ta Victron ko Sunny Island ta SMA, maikuro su ɗauka layi ne su bi ta. Idan batir ya cika babu layi, inbatar batir sai ta ɗaga bugun wutar daga 50 zuwa wajen 52 ko 53, maikuro su fahimci saƙon su rage ko su tsaya. Tsarin yana aiki, amma ka sayi inbata sau biyu, wutar da za ta shiga batir ta juya daga DC zuwa AC ta sake komawa DC, kuma ƙarfin solar da ke wannan gefen bai kamata ya wuce ƙarfin inbatar batir ba. Akwai kuma tarko: in batir ya ƙare ƙarƙaf da dare, inbatar batir ta mutu, da safe maikuro ba za su ga wutar da za su bi ba, rana ta fito amma babu mai caji. Wannan hanyar ta fi dacewa da wanda ya riga ya mallaki tsarin layi yana son ƙara batir daga baya. Kai da za ka fara daga tushe ba ka da dalilin shiga wannan zagayen. 

Sai maganar na ukun, mai taransfoma. Inbatar batir dole ta ɗaga bolt 48 na batir zuwa 230 na gida, kuma hanya biyu ake bi. Tsohuwar hanya ita ce a juya wutar a ƙananan bolt, sannan babbar taransfoma ta ƙarfe da tagulla ta ɗaga ta. Irin wannan mai kilowat 5 takan haura kilo 30, mutum ɗaya ba ya rataye ta. Sabuwar hanya kuwa transistoci ne ke kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, da 'yar taransfoma ƙarama, su ɗaga wutar zuwa wajen bolt 400 na DC sannan a sassaƙa ta zuwa AC. Ba ta da nauyi, ta fi sauƙin kuɗi, kuma yawanci ta fi tattalin wuta. Bambancinsu yana fitowa ne a daƙiƙar da moto ke tashi. Famfonka mai doki ɗaya, wat 746 ke nan a rubuce, amma abin da yake ja daga waya ya kusa wat 1,000 zuwa 1,100, wajen am 5. Lokacin tashi yakan fizgi ninki biyar ko shida na wannan, am 25 zuwa 30, wato kVA 6 zuwa 7 (bolt sau am, a raba da dubu) na ɗan ƙiftawar ido. Mai babbar taransfoma takan jure ninki uku na ƙarfinta na wasu daƙiƙu ba tare da ta damu ba. Marar nauyin yawanci ninki biyu aka rubuta mata, na daƙiƙa biyar ko goma, masu arhar cikinsu kuma ko hakan ba sa kaiwa. Za ka ga fitilu sun dusashe, famfo ya yi gurnani bai juya ba, inbata ta yi ƙara ta ɗauke.

To yi lissafin da kanka. Marar nauyi mai kilowat 3, ninki biyunta kVA 6 ne, famfonka kaɗai ya kai ta bango. Mai kilowat 5 ko 6 daga kamfanin kirki tana da kVA 10 zuwa 12, za ta tada famfon ko firij da firiza suna aiki. Inda za a samu cikas shi ne famfo da kwamfuresar esi na tsohon yayi su tashi lokaci ɗaya. Wannan kuwa akwai dabarunsa masu sauƙi: a sayi esi irin na zamani mai tashi a hankali, a sa wa famfo na'urar sassauta tashi, ko a tsara masa lokaci ya riƙa cika tanki da rana tsaka. Ni a ganina mai babbar taransfoma ta wajaba ne a wurin da injin walda, injin niƙa, kwamfuresar iska ko famfo mai doki biyu zuwa sama suke tashi suna tsayawa duk yini. Gida mai famfo ɗaya bai kai nan ba. Wanda kuma ban ruwa kawai yake so, akwai inbatar famfo ta musamman da ke haɗa farantai da moto kai tsaye ba batir, tana rage gudu ko ƙarawa gwargwadon rana.

Wani adadi da ba a cika tambaya ba shi ne abin da inbata ke ci tana zaune ba lodi. Wata mai kilowat 5 takan ci wat 50 ko fiye don kawai tana kunne. Wat 50 sau awa 24, kilowat-awa 1.2 ke nan a kullum. Batirin litiyam da aka fi sakawa a gidaje, mai bolt 51.2 da am-awa 100, kilowat-awa 5.12 yake ɗauka. Rabin wannan cin da dare yake faɗowa, daga batir kai tsaye, ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin goma nasa kafin ka kunna ko kwan fitila. An saba cewa masu taransfoma sun fi cin zama, kuma haka ne ga masu arha, amma akwai masu taransfoma mai siffar zobe da cin zamansu bai kai na marasa nauyi da yawa ba. Takardar bayanai za ka duba, kar ka yi hukunci da nauyi. Wannan ne ma ya sa ba na goyon bayan a sayi inbata mai kilowat 10 don gidan da ke cin 2, wai don gaba. Batun siffar wuta kuwa ba ya bukatar dogon bayani. Akwai mai fitar da igiya mai santsi irin ta layi, gurɓatarta ƙasa da kashi 5, ita ake kira fiya sain. Akwai mai fitar da igiya mai matakala, gurɓatarta kusan kashi 30 ko fiye, wadda ke sa fanka kuka, moto ya yi zafi. Gidan da ke da firij da famfo ba ruwansa da ta biyun ko kyauta aka ba shi.

A kan boltej ɗin batir, 48 za ka ɗauka, babu ja-in-ja. Lodin wat 3,000 a kan bolt 12 yana jan am 250, a kan 48 kuwa am 63 ne kacal. Zafin da waya ke yi yana tafiya ne da karant sau kansa, don haka in ka rage karant ninki huɗu ka rage asarar ninki 16 a waya iri ɗaya. Akwai haibirid masu batirin bolt ɗari da wani abu zuwa sama, sun fi tattali kaɗan, amma sukan ɗaure ka da batirin kamfanoni ƙalilan. Mai 48 ta fi ba ka 'yancin zaɓi. Ka dai tabbatar inbatar da batirin suna jin yaren juna ta wayar CAN ko RS485, kuma sunan batirin yana cikin jerin da kamfanin inbatar ya amince da su. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 boltej ɗinsa kusan a shimfiɗe yake daga kashi 20 zuwa 90, inbatar da ke hasashe daga boltej kaɗai takan yi kuskure babba, ta nuna maka rabi alhali ya kusa ƙarewa. Ka kuma lura da kVA da kilowat. In an rubuta kVA 5 a kwali, a ƙasa kuma aka sa 0.8, ainihin ƙarfinta 5 sau 0.8 ne, wato kilowat 4. Wasu kVA 5 ɗinsu kilowat 5 ne cif. Inbata biyu masu lamba ɗaya a goshi, ɗaya ta fi ɗaya da wat dubu.

Ga lissafin da ya fi kowanne ƙona inbata, shi ne na ƙofar sola. Faranti mai wat 550 yana da boltej wajen 49.5 idan ba a jan komai daga gare shi, da wajen 41.5 idan yana aiki, duka a ma'aunin zafi 25. Yawancin haibirid na ajin da kake nema iyakarsu bolt 500 ce, kuma suna aiki daga wajen 120 ko 150 zuwa 425 ko 450. In wani ya jera maka goman duka a waya ɗaya, 495 ke nan, a takarda ya shiga. Amma boltej ɗin faranti yana hawa idan an yi sanyi, kusan kashi 0.27 cikin ɗari a kowane digiri. Safiyar da sanyi ya sauka zuwa digiri 10, jerin zai kai wajen bolt 515 da fitowar rana, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan ƙunar. Ta ɗaya ɓangaren, in aka jera uku kawai, 124 ke nan, da rana ta gasa su zuwa digiri 65 sai su faɗo wajen 108, inbata ta daina ganinsu a daidai lokacin da hasken ya fi ƙarfi. Biyar-biyar ɗinka ya zauna daram: wajen 207 a aiki, 180 a tsananin zafi, ƙasa da 270 a sanyi. Ka duba karant ma, don waɗannan farantan suna ba da am 13 da ɗoriya, wasu tsofaffin ƙofofi kuma a 11 ko 12 suke tsayawa. In ka ga an rubuta PWM a cajar cikin inbata maimakon MPPT, ajiye ta, wannan tana janyo faranti ne zuwa boltej ɗin batir ta zubar da sauran. Kuma kar farantai masu kilowat 5.5 a kan inbata mai 5 su dame ka. An saba ɗora kashi 110 zuwa 130 na ƙarfin inbata, balle a rufin da fuskokinsa biyu ba sa kai ƙololuwa lokaci ɗaya.

Duk nau'in da ka ɗauka, zafi ne ke ƙayyade kwananta. Idan aka kawo mini inbatar da ta mutu tun ba ta tsufa ba, na kwance murfi, abin da na saba gani ke nan: ƙura ta yi kauri a kan ƙarfen sanyaya kamar bargo, fanka ta cije, kawunan manyan kafasitoci sun kumbura, wani ma ya tsage ya zubo da ruwansa mai launin ƙasa a kan allo. Ƙa'idar da masu ƙera kafasita ke bayarwa ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Yawancin inbatoci ma suna fara rage ƙarfinsu da kansu daga digiri 40 ko 45. Mai lambar IP65 a rufe take ruf, ƙura da feshin ruwa ba sa shiga. Mai IP20 ko IP21 iskar ɗaki take zuƙa ta cikin allunanta, da duk abin da ke cikin iskar. A rataye ta a inuwa, a bar mata sarari sama da ƙasa, kar a kulle ta a ƙaramin sito tare da batura.

Wajen haɗawa kuma ka tsaya a kan abu uku ko mai aikin ya ce ba komai. Bireka da fiyus na gefen sola da batir su zama na DC, domin tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa yadda na AC ke yi sau ɗari a daƙiƙa, birekar AC a wannan wurin tana iya kamawa da wuta. A sa na'urar kare tsawa a gefen farantai da gefen layi, da ƙarfen ƙasa na gaske da aka auna. Sannan a gwada birekar gano yoyon wuta a lokacin da layi ba ya nan, don sai an haɗa nutural da wayar ƙasa yadda littafin inbatar ya ce take iya kare mutum idan gida yana kan batir.

Da ni ne a gidan nan naka, haibirid ta haƙiƙa zan saka, mai kilowat 5 ko 6, batir bolt 48, MPPT biyu, a rufe da IP65, daga kamfanin da ke da mai gyara da kayan canji a kusa da ni. Zan matsar da farantan biyun daga inuwar tanki, in wuri bai bari ba in bar su haka in kunna laluben inuwa a saiti. Kuɗin da maikuro za ta ci zan ƙara su a batir, don esi mai cin wat 700 a matsakaici na awa takwas kilowat-awa 5.6 yake bukata, batir ɗaya ba zai kai shi asuba ba. Kafin ka biya, ka sa a ɗora mitar maƙalawa mai kama fizgar tashi a wayar famfon, a kunna shi a ga ainihin am nawa yake ja. In ya wuce 35, ko kana da niyyar kawo famfo mafi girma nan gaba, to ka koma wurin mai taransfoman nan, ko ka hau zuwa kilowat 8.